Kuben Virve Ba Ya Fita Sai An Taka Rawa

Virve Sarap ta shekara ashirin da shida tana ɗinki a gidan wasan kwaikwayo na birni kafin ta tattara kayanta ta dawo ƙauyenmu, a nan kudancin Estoniya. Aikinta a bayan dandamali shi ne ɓoye abubuwa a jikin mutane. Idan wasa ya bukaci sarauniya ta zaro wuƙa daga inda babu wanda ya zata, Virve ce take ɗinka wa wuƙar mazauni. Ta ɓoye wasiƙu a hannun riga, ta ɓoye kwalbar guba a ƙarƙashin ɗamara, har ta taɓa ɓoye kurciya mai rai a cikin kwat ɗin wani babban ɗan wasa, kuma kurciyar ta fito a kan lokaci sau arba'in da ɗaya cikin arba'in da biyu. Ba ta son a tambaye ta labarin ɗayan.

Mijinta, Arved, kafinta ne, kuma yana da lasisin ɗaukar ƙaramar bindiga. Tun da doka ta ce mai ɗauka ya ɓoye ta daga idon jama'a, kada kuma ya bari ta faɗi ko ta shiga hannun wani, sai Virve ta ɗinka masa kube wanda yake kwanciya a ƙarƙashin tufafi kamar babu shi. Abokansa suka duba ba su ga komai ba, shi ke nan suka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya. Arved ya gyara mata tsohon ɗakin ajiye dankali, ya shimfiɗa masa katako a ƙasa, ya kuma sassaƙa mata bindigogin itace goma sha ɗaya, kowace da siffar irin wadda mutane suke ɗauka, ya shafa musu shuɗin fenti, ya rataye su a bango. Shekara bakwai ke nan da rasuwarsa, bindigogin suna nan a kan ƙusoshinsu.

Virve tana da ƙa'idoji, kuma ba ta sassauta wa kowa. Bindigar gaske ba ta tsallake ƙofar shagonta; kowa ya kulle tasa a akwatin ƙarfe a gida, ya zo hannu rabbana. Duk kuben da ta yi, sai ta rufe wurin kunamar bindiga da fata mai tauri wadda ta dafa a cikin kakin zuma, sannan ta shafa alli a tsinin doguwar allurar saƙa, ta yi ta tsokanar kuben ta ko'ina. In aka zaro bindigar itace aka ga ɗigon alli a kan kunamarta, kuben ya tafi murhu, ko da kwana uku ta yi a kansa.

Sai kuma ƙa'idar da ta sa sunanta ya zaga gundumar. Virve ta san cewa abin da aka ɓoye a jiki yakan kwanta lafiya muddin mutum yana tsaye a gaban madubi, ya tsuke ciki. Sai ya sunkuya, ko ya yi tsalle, ko ya juya da sauri, sannan asiri yake tonuwa. Saboda haka babu kuben da yake barin shagon sai mai shi ya ɗaura shi da bindigar itace a ciki, ta danna tsohuwar rikodarta, sun taka rawar polka tare har kiɗan ya ƙare. Ta yi rawa da direbobin manyan motoci, da likitar dabbobi, da wani mai sayar da magani wanda ya yi ta ba ta haƙuri tun daga farkon kiɗa har ƙarshensa. Wanda bindigarsa ta zame, ko ta turo riga, ko ta daki ƙasa, sai ya dawo mako mai zuwa a sake.

Mutum ɗaya ne a ƙauyen kowa ya san ba zai taɓa shiga wannan shago ba, shi ne Kalju Orav, tsohon mai gadin daji, wanda yanzu yake kiwon ƙudan zuma shi kaɗai a gonarsa, kilomita goma sha huɗu cikin kurmi. Shekara arba'in da uku da suka wuce, a wurin bikin tsakiyar bazara, Kalju ya yi ƙarfin hali ya nemi Virve ta yi rawa da shi. Kafin a zaga wutar bikin sau ɗaya ya dira mata a ƙafa, ya karya mata yatsu biyu. Ya gudu, bai kuma sake taka rawa ba, bai yi aure ba. Abin da ya rage tsakaninsu shi ne kwalbar zuma da take bayyana a bakin ƙofarta kowace kaka, babu takarda, babu sallama. Da Arved yana raye shi yake shanye rabinta, yana cewa wannan ce karayar da ta fi kowace riba a tarihin ƙauyen. In sun haɗu a hanya kuwa, sai ya ɗaga hula ya ce “Proua Sarap,” ita kuma ta ce “Härra Orav,” wato Malama Sarap da Malam Orav, kamar baƙin da suka gamu a ofishin haraji. Virve ba ta taɓa gaya wa kowa ba, amma tun daga ƙarshen watan Agusta take fara leƙa bakin ƙofa.

Wata Talata a farkon Yuni, yayarta Asta, mai kantin ƙauyen, ta faɗo shagon tana haki.

“Virve, ajiye basillar nan tukuna, kada dariya ta sa ki soke kanki.”

“Me ya faru kuma?”

“Mutuminki mai zuma.”

“Ba mutumina ba ne.”

“To, mutumin da ba naki ba ne ya shigo sayen sukari. Ashe zafin nan ya hana shi sa kwat, sai ya sayo wata ɗamarar roba ta intanet, ya cusa bindigarsa a ciki. Ya sunkuya zai ɗauki buhu, sai na ji ƙwal! Na duba, ga baiwar Allah ta sulalo ta ƙafar wando, ta kwanta a kan takalminsa kamar 'yar kyanwa.”

“Wayyo! Akwai mutane?”

“Mata biyu a layi. Na yi wuf na kifa mata kwandon albasa. Ya yi ta rantsuwa ba a ɗane take ba, kuma na yarda, Kalju ba ya wasa da doka. Amma in ya sake haka a gaban wani, lasisin nan ya tafi. Na ce masa, ka san inda za ka.”

Washegari da hantsi ya zo, hula a hannu, da kwalbar zuma biyu a cikin jaka. Zuma a watan Yuni! Virve ta ji zuciyarta ta yi wani tsalle da ya fi na polka, amma ta ci gaba da goga kaki a zare kamar ba ta ga komai ba.

“Proua Sarap.”

“Härra Orav. An ce albasa ta yi tsada jiya.”

Kunnuwansa suka yi ja. “Asta ba ta da baki, ƙofar rumbu gare ta. Kube nake so. Wanda zai nutse can ƙasa, ƙarƙashin bel, ƙarƙashin...” Ya shafa tumbinsa, wanda shekaru da dankali suka gina a hankali. “Inda ko likita sai ya nema.”

“Ana iya ɗinka shi. Ba na jin zai yi maka amfani.”

“Ni na san abin da nake so. Ba zan sake jin kunya a gaban buhun sukari ba.”

“Shi ke nan. Ka dai san sharaɗin.”

“Shi ya sa na kawo kwalba biyu.”

“Au, toshiyar baki ce?”

“Ni ba na rawa. Ke kin fi kowa sanin dalili.”

“Haba, yatsu biyu ne fa! Sun warke, har an canja mana kuɗin ƙasa sau biyu bayan nan.”

“Ki auna ni a tsaye. In kina so in yi tafiya, zan yi. Zan ma iya tsugunawa.”

“Babu rawa, babu kube.”

Kalju ya dube ta, ya dubi rikodar kamar wadda za ta cije shi, ya sa hularsa ya fita. Bayan minti ɗaya ya dawo, ya ɗauki kwalba ɗaya, ya sake fita.

Duk da haka Virve ta ɗinka kuben, domin idonta ya riga ya auna shi tun yana tsaye. Ta yi shi yadda ya nema, mai zurfi, mai laushi a inda yake taɓa jiki, mai tauri a kan kunama. Allura da alli ba su sami hanya ba. Aka kwana huɗu kuben yana kan tebur, Kalju bai leƙo ba. Sai dai labari ya zo cewa an gan shi a gidan sayar da fetur yana sanye da doguwar kwat ta ulu irin ta tsakiyar hunturu, domin ita kaɗai ce take rufe tsohon kubensa na ƙugu, gumi yana zuba daga gemunsa, yana gaya wa mutane wai mura ce take damunsa.

“Ke dai kin cika taurin kai,” in ji Asta. “Ki ba mutumin nan kayansa mana! Shekara da shekaru kina shan zumarsa. In ya yi fushi, bana sai dai ki sha shayinki da gishiri.”

Maganar ta shige ta. Ba zumar ce ta dame ta ba. Tunanin kakar da za ta zo ta buɗe ƙofa ta ga wurin babu komai, shi ne ya hana ta sakat. Ranar Lahadi ta naɗe kuben a takarda, ta sa a kwandon kekenta, ta kama hanyar kurmi. Ai sau ɗaya ne, in ji ta a ranta, kuma wa zai sani?

Ta kai mararrabar da hanya take barin kwalta, sai ga wata kurciya ta tashi fir daga kan shinge. Virve ta ja birki. Wasa na arba'in da biyu ya dawo mata sarai. An ɗinka wa babban ɗan wasan nan sabuwar kwat, ta ce ya yi tsalle ya juya a gwada, ya ce shi ba yaro ba ne, ita kuma ta ji nauyinsa ta ƙyale shi. Ranar wasa, yana kwance a dandamali a matsayin gawa, matarsa ta wasa tana rusa kuka a kansa, sai kurciya ta leƙo ta wuyan rigarsa, ta dubi jama'a ɗari huɗu, ta taka a hankali ta hau goshinsa ta zauna. Waccan dai kurciya ce, ta tashi, an yi dariya, an tafi gida. Virve ta dubi ƙunshin da ke kwandonta, ta juya keken.

Ta ba Asta saƙo: an gama kube, yana shago, rikoda tana jira. Sannan ta zauna ta fara wani ɗinkin wanda babu wanda ya sa ta.

Sai a rana ta tara, ranar da zafi ya kai inda kwalta take kama takalmi, Kalju ya bayyana. Ya rame a fuska, kwat ɗin tana rataye a kafaɗarsa kamar fatar dabbar da ya kasa kashewa.

“Na bar bindigar a akwati, na kulle,” in ji shi. “Minti nawa ne kiɗan?”

“Uku.”

“Allah ya jiƙan ƙafafunki.”

Virve ta ɗaga gefen siket ɗinta. Tana sanye da takalman aikin Arved, masu ƙarfe a baki, ta cusa musu tsumma don su zauna. Kalju ya yi wata irin ƙara wadda daga baya aka gane dariya ce.

Ya shiga bayan labule ya ɗaura kuben, ta miƙa masa bindigar itace mai siffar tasa. Da ya fito, ko ita da ta ɗinka ba ta ga alama ba. Ta danna rikoda.

Kiɗa ya ɓarke. Kalju ya kama ta kamar mai ɗaukar amya cike da ƙudan zuma, ya rufe ido, ya yi tsalle. Katakon Arved ya amsa. Bindigogi goma da suka rage a bango suka shiga kaɗawa a kan ƙusoshinsu, almakashi ya sauko daga tebur, gwangwanin maɓallai ya bi shi, maɓallai suka watsu ko'ina. “Hagu!” in ji Virve. Ya yi dama. “Juya!” Ya juya da ita har ƙafafunta suka bar ƙasa. Kowane taku na huɗu sai a ji ƙwang, ya dira a kan ƙarfen takalmi, ya ce “Yi haƙuri,” ta ce “Ci gaba!” Asta, wadda ta rufe kanti da rana tsaka ta manna takarda wai ta tafi banki, tana manne da taga tana tafi.

Kiɗa ya tsaya. Kalju ya buɗe ido, ya shafa cikinsa, ya dubi ƙafar wandonsa.

“Ba ta faɗi ba! Proua Sarap, ba ta ko motsa ba! Na ci!”

“Saura abu ɗaya,” in ji Virve tana haki. “Zaro ta.”

“Yanzu?”

“A'a, sai an aiko maka da takardar gayyata. Zaro!”

Ya tura hannu, bel ya tare shi. Ya tsuke ciki, cikin ya ƙi tsukuwa. Ya gwada ta gefe, yatsunsa suka maƙale. Daga taga Asta ta fara ƙirga da ƙarfi: “Bakwai, takwas, tara...” Ya fizge rigarsa, maɓalli ɗaya ya tashi ya bi 'yan'uwansa a ƙasa. “Goma sha shida!” Da ya ga abin ya ƙi, sai ya kwance bel ɗin gaba ɗaya. Bindigar itace ta fito a kan ashirin da uku, wandon kuma ya sauka har idon sawu a kan ashirin da huɗu, ya bar Kalju Orav tsaye a tsakiyar shago da gajeren wando mai zanen kifaye, yana riƙe da shuɗin katako yana nuna rufi da shi.

Asta ta ɓace daga taga. Sai muryarta ake ji daga cikin ciyawa. Virve ta zauna a kan kujerar keken ɗinki, ta rufe fuska da tsumma, kafaɗunta suna rawa. Kalju ya tsaya cak, ana ganin yana shawara tsakanin gudu da mutuwa. Can sai shi ma ya fashe, dariyar shekara arba'in da uku, har sai da ya dafa bango.

Da suka lafa, ya ja wandonsa, ta sa shi ya mayar da bindigar itacen ya zauna a kan benci.

“To, duba da kyau. Ina bakinta yake kallo?”

Ya duba. Bakin yana kallon cinyarsa, daidai inda babbar jijiya take wucewa. Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa.

“Kullum in ka zauna a mota, nan take kallo,” in ji Virve. “Na san ba ka ɗana ta. Amma ni ba na ɗinki don ranar da mutum ya tuna komai. Kuma abin da sai ka tuɓe kafin ka kai gare shi, gara ka bar shi a akwati, ka huta da nauyi.”

“Tun farko kin sani.”

“Na faɗa maka, ka ce ka san abin da kake so.”

Ta buɗe aljihun tebur ta fito da ɗinkin da babu wanda ya sa ta: wata 'yar shara ta ciki, mara hannu, da kuben fata a ƙarƙashin hammatar hagu, a ɗan kwarin da tumbi bai kai ba. Bakin bindiga yana kallon ƙasa, yana wuce jiki ta gefe. Ta cire maɓalli na uku na rigarsa, ta sa mai ɓallewa da ja ɗaya. Ta nuna masa yadda zai riƙa mayar da ita: ya cire 'yar sharar, ya sa bindigar yana gani da idonsa, yatsa nesa da kunama, sannan ya mayar a jiki, kada ya taɓa lalube da ita a cikin riga.

“Wannan ma sai an yi rawa?” in ji shi.

“Wannan ma.”

Aka sake danna rikoda. A wannan karon idonsa a buɗe yake, ƙarfen takalmi ya yi ƙara sau shida kacal. Bindiga ba ta zame ba, riga ba ta tura ba, alli bai taɓa kunama ba, kuma da ta ce ya zaro, Asta ba ta kai uku ba. Ya tafi da 'yar sharar a jikinsa, ya manta da kwat ɗin a kan benci. Kube mai zurfi kuwa ya shiga murhu a ranar.

Ranar Alhamis Virve tana yanka fata sai ta ji an ƙwanƙwasa. Kalju ne, ya aske gemu, takalmansa suna ƙyalli, ga kwalbar zumar da ya ɗauke a hannunsa.

“Kuben nan yana ƙara,” in ji shi, yana kallon rufi. “In na motsa sai ya ce ƙiiƙ.”

Ta karɓa, ta lanƙwasa shi, ta murɗa shi, ta kai shi kunne. Ko numfashi ba ya yi.

“Lallai kam,” in ji ta. “Irin wannan ƙarar ba a gane ta sai da kiɗa.”

“Haka na yi tsammani, Virve.”

Ta miƙa masa bindigar itace, ta juya wajen ƙofa inda takalman Arved suke ajiye. Ta tsaya tana kallonsu. Sannan ta tura su ƙarƙashin benci da ƙafa, ta shiga gida, ta fito da jajayen takalmanta na biki, masu laushi kamar safa.

Kalju ya dubi takalman. “Kin tabbata?”

“Danna rikodar, Kalju.”

Sau ɗaya ya taka ta, a kan ƙaramin yatsa. Ta ce wayyo, ta ce ya ci gaba.